Daga 630 Zuwa 720: Tarihin Kurakuran Modem da Yadda Aka Riƙa Gano Bakin Zarensu

Ranar 30 ga Satumba, 2025, kamfanin AOL na Amurka ya rufe hidimarsa ta shiga intanet ta layin wayar girke, bayan ya shafe fiye da shekara 30 yana yin ta. A nan Birtaniya, BT ya rufe tasa tun 1 ga Satumba, 2013. Shi kansa tsohon tsarin wayar girken ƙasar an sa masa wa'adin ƙarshen Janairun 2027, inda za a kashe shi a mayar da kowa kan layin intanet. Wato dai zamani ne guda yake naɗe tabarmarsa a gaban idonmu.

Tun da wannan fitowa ta waiwaye ce, na ga ya dace mu tuna da wani abu da ɗaliban da suka riga mu zuwa ƙasashen nan a shekarun 1990 suka sha fama da shi, wato saƙonnin kuskure na modem. Duk wanda ya rubuta kundin digiri a wancan lokaci ya san lambobi irin su 680 da 691 kamar yadda ya san lambar ɗakinsa. Idan suka fito, saƙo ba ya tafiya, babin da za a tura wa malami ya maƙale, kuɗin waya kuma yana hawa.

Ni lokacin da na fara taɓa kwamfuta wayar salula ta riga ta iso Arewa. Karatun injiniya ne ya kai ni ga tsofaffin littattafan modem, kuma abin da na tarar a cikinsu shi ne dalilin wannan rubutu. Haɗuwa da intanet a wancan zamani tsani ne mai matakai biyar, kowane saƙon kuskure kuma yana gaya maka matakin da ƙafarka ta zame. Wanda ya san tsanin ba ya lalube cikin duhu.

Layin da aka yi domin murya

Asalin matsalar shi ne layin waya domin muryar ɗan Adam aka gina shi. Sautin da yake bari ya wuce yana tsakanin 300 zuwa 3,400 Hz ne kawai, wato karkarwa sau 300 zuwa 3,400 a sakan ɗaya. Wannan ya isa ka gane muryar mahaifiyarka. Ita kuwa kwamfuta da 0 da 1 take magana, kowane ɗaya daga cikinsu ana ce masa bit. Aikin modem shi ne ya mayar da bit sauti ya tura ta layi, ɗan'uwansa a ɗaya ɓangaren ya mayar da sautin bit.

Kamfanin AT&T ya fitar da Bell 103 a 1962, mai ɗaukar bit 300 a sakan. Dabararsa mai sauƙi ce: modem mai kira yana amfani da sautuka biyu, 1,070 da 1,270 Hz, mai amsawa kuma 2,025 da 2,225 Hz. Sauti ɗaya 0, ɗayan 1. Idan duka biyun suka ɗauki matsayin mai kira, sai kowa ya yi ta magana babu mai sauraro, kuma wannan na cikin kurakuran farko da masu gyara suka saba dubawa.

A lokacin kamfanin waya ba ya yarda a jona wa layinsa na'urar da ba tasa ba. Shi ya sa aka riƙa ɗora kan wayar a bisa wasu kofuna biyu na roba, modem ya yi ta fito a bakin waya. In aka buga ƙofa da ƙarfi a ɗakin, rubutun da ke allo ya dagule. A 1968 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yanke hukuncin Carterfone wanda ya buɗe hanyar jona na'urorin wasu kamfanoni. A Birtaniya kuma a shekarun 1980 aka riƙa manna koren da'ira a jikin na'urar da aka amince a jona ta, jan alwatika a jikin wadda aka haramta.

Harshen Hayes

Babban sauyi ya zo a 1981, lokacin da Dennis Hayes da Dale Heatherington a jihar Jojiya ta Amurka suka fitar da Smartmodem. Wannan modem ana ba shi umarni da rubutu, ya kuma mayar da amsa da rubutu. Kowane umarni da haruffa biyu yake farawa, AT. Ka rubuta AT kaɗai, ya ce OK, ka san yana raye yana kuma jin ka. ATDT da lambar waya, ya buga kira. ATH, ya ajiye waya. ATZ ya mayar da shi kan saitin da aka adana, AT&F kuma a modem na baya ya mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta.

Amsoshinsa su ne kakannin duk saƙonnin kuskuren da suka biyo baya. NO DIALTONE na nufin ya ɗaga waya bai ji ƙugin layi ba. BUSY, layin da aka kira ana kan sa. NO ANSWER, ba a ɗauka ba. NO CARRIER, bai ji sautin ɗan'uwansa ba, ko ya ji sannan ya ɓace. CONNECT, an haɗu. Sauran kamfanoni suka kwaikwayi harshen har ya zama na kowa, daga baya Hukumar Sadarwa ta Duniya ta mayar da shi ƙa'ida mai suna V.250. Shi kamfanin Hayes ya durƙushe a 1999, harshen da ya ƙirƙiro ya ci gaba da rayuwa.

A zamanin Windows 3.1, mai son shiga intanet sai ya nemi wata manhaja daban, wadda aka fi sani ita ce Trumpet Winsock ta Peter Tattam, mutumin Tasmaniya a Ostareliya. A cikinta kana kallon hirar kwamfuta da modem layi bayan layi, har wani lokaci kai za ka gyara rubutun da ke shigar da sunanka. Da Windows 95 ta fito ranar 24 ga Agusta, 1995, sai ta zo da Dial-Up Networking, ta ɓoye hirar a bayan 'yar taga, ta maye gurbinta da lambobi masu farawa daga 600 waɗanda ta gada daga Windows NT. Bari mu hau tsanin tare.

Mataki na ɗaya: kwamfuta da modem

Kafin a yi zancen layi, sai kwamfuta ta iya magana da modem ɗinta. Idan hakan ya gagara, lambobin da ke fitowa su ne 630, wato modem ba ya amsawa, da 633, wato wata manhaja ta riga ta riƙe ƙofar, sai 797 a Windows na baya, wato ba a ga modem ɗin ba sam. Ita 633 sau da yawa manhajar fakis ce da ke zaune tana jiran kira ta hana kowa shiga.

Ƙofofin da ake jona modem ana kiran su COM1 zuwa COM4. To, a nan gizo ke saƙa. Kowace na'ura a cikin kwamfuta tana da layin da take taɓo ƙwaƙwalwar kwamfutar da shi in tana da magana, ana ce masa IRQ. Ƙofofi huɗun layi biyu kacal suke rabawa: COM1 da COM3 suna kan IRQ 4, COM2 da COM4 suna kan IRQ 3. Linzamin kwamfuta a lokacin galibi a COM1 yake. Ka sa modem a COM3, sai ka ga abin mamaki: modem na aiki, kana motsa linzami komai ya tsaya. Maganin shi ne a buɗe kwamfutar, a matsar da wasu 'yan ƙananan maɓallai a jikin katin modem zuwa COM2 ko COM4.

Akwai kuma 'yar na'urar da ke kula da ƙofar, UART. Tsofaffinta, 8250 da 16450, harafi ɗaya tak suke iya riƙewa, in kwamfuta ta yi jinkirin ɗauka sai na baya ya danne shi. Ita 16550A tana riƙe 16. Mutum ya sayi modem mai sauri, ya jona a tsohuwar ƙofa, fayil ya yi ta zuwa a lalace, ya yi ta zargin kamfanin waya alhali matsalar tana cikin ɗakinsa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kuma aka cika kasuwa da modem masu araha da ake kira Winmodem, waɗanda aka cire musu rabin kayan ciki aka ɗora aikin a kan kwamfuta. In ba a sa musu manhajar da ta dace ba, ko motsi ba sa yi, masu amfani da Linux kuwa sun ga ta kansu.

Gwajin wannan mataki ɗaya ne. A buɗe HyperTerminal, wadda ke zuwa tare da Windows daga 95 har XP, a rubuta AT. In an ga OK, an wuce wurin, kada a sake waiwayarsa.

Mataki na biyu: modem da layi

Lambar wannan mataki 680, ba a ji ƙugin layi ba. Abu na farko da mai hankali ke yi shi ne ya zare modem, ya jona wayar hannu ta girke a soket ɗin, ya kara a kunne. In babu ƙugi, aikin na kamfanin waya ne. In akwai, to sai a duba igiyar. A bayan modem ramuka biyu ne iri ɗaya, ɗaya na layi ɗaya na waya, kuma mutane da yawa sun kwana suna fama saboda sun sa igiya a ramin da ba shi ba.

Ɗalibin da ya ƙetaro da kwamfuta daga wata ƙasa yana da ƙarin ciwon kai. Soket ɗin Birtaniya daban yake da na Amurka, igiyoyin da ke haɗa su kuma iri biyu ne a ciki ko da yake kamanninsu ɗaya a waje. Ƙugin ma ba ɗaya ba ne: na Amurka haɗin 350 da 440 Hz ne, na Birtaniya 350 da 450, wasu ƙasashen Turai kuma sauti ɗaya suke da shi. Haka nan in kana da saƙon murya da ba ka saurara ba, layin yakan canza ƙugi ya riƙa yankewa, modem ya ce shi bai ji komai ba. Duk waɗannan maganinsu ATX3, umarnin da ke ce wa modem ya buga kawai kada ya jira ƙugi.

A ofis da ɗakunan kwanan ɗalibai, sai an danna 9 kafin a samu layin waje. Don haka ake rubuta 9 da waƙafi kafin lambar, domin kowane waƙafi yana sa modem ya dakata sakan biyu. Wasu ofisoshin kuma layinsu na dijital ne, in ka jona modem na gida kana iya ƙona shi.

Mataki na uku: kiran kansa

A nan lambobi biyu ne suka yi suna: 676, layi a cike, da 678, ba a amsa ba. Kowane mai shiga intanet sai ya kama modem guda a kamfanin da ya yi rajista da shi, in duk an kama, sai ka jira wani ya sauka. A Disambar 1996 AOL ya koma karɓar dala 19.95 a wata ba tare da ƙidayar awa ba. Mutane suka shiga suka ƙi fita, layuka suka cushe, har manyan lauyoyin gwamnatocin jihohi suka sa baki a farkon 1997, kamfanin ya amince ya mayar wa mutane kuɗi.

A Birtaniya lissafin daban ne, domin ko kiran cikin gari da minti ake biya. Demon Internet ya fara a 1992 da fam 10 a wata, ban da kuɗin waya. A Satumbar 1998 shagunan Dixons suka fito da Freeserve, babu kuɗin wata, kamfanin yana cin rabonsa daga kuɗin kiran. Shi ya sa ake jiran ƙarfe 6 na yamma ko ƙarshen mako lokacin da kira ke sauƙi, kowa kuma ya afka a lokaci guda. Ka tuna kuma, da zarar an ɗauki kiran an fara caji, ko haɗin ya kammala ko bai kammala ba. Gwaji goma da suka faɗi a mataki na huɗu ko na biyar duk suna fitowa a takardar kuɗin waya. Sanin inda matsala take a lokacin tsimin kuɗin abinci ne.

Mataki na huɗu: gaisuwar modem biyu

Wannan shi ne kukan nan da tsofaffin ɗalibai ke kwaikwaya suna dariya. Ba hayaniyar banza ba ce, kowane sashe da aikinsa. Bayan sautin lambobi da ƙarar shigar kira, modem mai amsawa yana sakin wani dogon fito na 2,100 Hz, yana juya shi kowane sakan 0.45. Wannan saƙo ne ga na'urorin kamfanin waya masu kashe amsa-kuwwa, cewa su janye, domin modem zai kula da wannan da kansa. Sai 'yan ƙananan sautuka inda kowanne ke faɗa wa ɗan'uwansa irin ƙa'idojin da ya iya. Sai su auna layin da sautuka iri-iri su ga inda yake da kyau da inda ya raunana. Daga ƙarshe sai dogon shuuu, inda suke gwada sauri har su daidaita. Sannan lasifika ta yi shiru, an haɗu ke nan.

Masu gyara da kunne suke aiki a nan. Sukan ba da umarnin ATM1 ko ATM2 don lasifika ta buɗe. In aka ji muryar mutum yana cewa halo, lambar ce ba daidai ba. In shuuu ɗin ya yi ta maimaituwa ba ya ƙarewa, layin ne ke da datti, kuma ƙarshenta 678 ko 629 za a gani.

Sauri ya yi ta ƙaruwa: 2,400 a ƙa'idar V.22bis ta 1984, sai 14,400 a V.32bis ta 1991, sai 28,800 a V.34 ta 1994, wadda aka ƙara zuwa 33,600 a 1996. A nan aka ci karo da bango. Tun 1948 Claude Shannon ya nuna cewa abin da layi zai iya ɗauka ya dogara ne ga faɗinsa da kuma yadda sauti ya rinjayi hayaniya. In ka sa alƙaluman layin waya mai kyau a lissafinsa, amsar tana fitowa wajen bit 35,000 a sakan. A saurin 33,600, hoto guda mai megabait 3 irin wanda muke turawa gida yau ba tare da tunani ba sai ya ci kusan minti 12.

To yaya aka yi aka kai 56,000? Zuwa lokacin, tsakiyar tsarin waya ya riga ya koma dijital, yana auna murya sau 8,000 a sakan, kowane awo bit 8, jimla 64,000. In kamfanin intanet ya jona kai tsaye da wannan tsakiya, sai ya zama sau ɗaya kawai ake sauya lambobi zuwa sauti a hanyar zuwa gidanka, kuma hayaniyar da ke tattare da sauyin farko ta kau. Amma sharaɗin mai tsauri ne. In akwai ƙarin sauyi ko ɗaya a hanya, kamar 'yar akwatin DACS da BT ke amfani da ita wajen raba igiya ɗaya ga gidaje biyu, to ba za ka wuce 33,600 ba, sau da yawa ma ƙasa da haka. A 1997 kuma aka yi rikicin ƙa'idoji biyu, x2 na USRobotics da K56flex na Rockwell da Lucent, waɗanda ba sa jin yaren juna a babban sauri, sai da V.90 ta zo a 1998 ta raba gardama. A Amurka dokar ƙarfin sauti ta tsayar da saurin a kusan 53,000. Wanda Windows ta nuna masa 115,200 kuwa ya yi ta murna, saurin da ke tsakanin kwamfutarsa da modem ɗinsa ne ya gani, ba na layi ba.

Gyaran wannan mataki yakan zama sauka ƙasa. A zare sauran wayoyi da fakis daga layin, a cire doguwar igiyar ƙari, in bai yi ba a tilasta wa modem ya bar V.90 ya koma V.34. Gara 28,800 da ke tsaye da 50,000 da ke yankewa kowane minti biyar.

Mataki na biyar: wane ne kai?

Modem biyu sun haɗu, saura kwamfutoci biyu su fahimci juna. Ƙa'idar da ake amfani da ita sunanta PPP, wadda ta maye gurbin SLIP. Aikinta kashi uku ne a jere: a daidaita yadda za a riƙa tura bayani, a tantance suna da kalmar sirri, sannan a ba kwamfutarka adireshin intanet. Lamba 718 na nufin an jira amsar ɗaya ɓangaren har lokaci ya ƙare. Lamba 691, wadda ta fi kowace suna, na nufin an ƙi sunanka ko kalmar sirrinka, kuma dalilin yakan kasance maɓallin manyan haruffa ne a kunne ko kuɗin wata ya ƙare. Lamba 720 na nufin an kasa daidaitawa a kan ƙa'idar sadarwa, galibi saboda TCP/IP na cikin Windows ya lalace. Sai a cire shi a sake sa shi, a nemo faifan Windows ɗin da ba a san inda aka ajiye ba.

Ga abin da nake so a lura da shi. Wanda ya ga 691, labari mai daɗi ya samu ba tare da ya sani ba: modem ɗinsa lafiya, igiya lafiya, lamba daidai, layi ya ɗauki gaisuwa. Matakai huɗu sun wuce. Babu dalilin buɗe kwamfuta ko kiran kamfanin waya. Ga mai son ƙarin hujja kuma, Windows 95 tana iya rubuta duk hirar a fayiloli biyu, modemlog.txt da ppplog.txt, inda za ka ga layin ƙarshe da aka faɗa kafin magana ta yanke.

Yankewa ana tsaka da aiki

Ko bayan an haɗu, tsugune ba ta ƙare ba. Wani ya ɗaga waya a falo, haɗi ya faɗi. Wani ya kira gidan, ɗan ƙit ɗin da ke sanar da kira na biyu ya katse sautin modem, shi kuma in sautin ya ɓace fiye da ɗan lokacin da aka ɗiba masa a ma'ajiyar S10, wanda a yawancinsu bai kai sakan biyu ba, sai ya ajiye waya. Shi ya sa a Amurka ake sa *70 da waƙafi a gaban lamba, a Birtaniya kuma a kashe hidimar da #43#. Ƙa'idar V.92 ta 2000 ta kawo dabarar dakatar da haɗi a amsa kira, amma ta zo a makare.

Akwai ma wani labari mai ban dariya. Don a dawo da modem daga tura bayani zuwa karɓar umarni, ana aika masa +++ da shiru na sakan ɗaya kafinsa da bayansa. Hayes ya yi rajistar mallakar wannan dabara ta shirun, wasu kamfanoni kuma don gudun biyan kuɗi suka yi nasu babu shirun. Sakamakon haka, maƙetaci na iya turo maka saƙon da kwamfutarka za ta maimaita mai ɗauke da +++ATH0, modem ɗinka ya ɗauka umarni ne daga gare ka, ya kashe kansa.

Yadda abin ya kasance a gida

A ƙasashenmu wannan zamani gajere ne, kuma bai game gari ba. Kafin zuwan wayar salula a Agustan 2001, layukan girke masu aiki a Najeriya ba su wuce rabin miliyan ba, ga mutane fiye da miliyan 100. A farkon shekarun 1990, imel a birane da dama na Afirka ta tsarin FidoNet yake tafiya: saƙonni su taru a kwamfuta guda, wata kwamfuta ta ƙungiyar GreenNet a Landan ta bugo waya, su yi musayar jaka cikin 'yan mintoci su ajiye. Gana ta samu cikakken haɗi a 1995 ta hannun kamfanin Nii Quaynor, a Najeriya kuma Linkserve ya fara a farkon 1997. Masu gyara a can sun ƙware a mataki na biyu da na huɗu, domin damina na jiƙa mahaɗar igiyoyi ta cika layi da ƙaraurau, tsawa kuma ta bi igiya ta ƙona modem. Shagunan intanet da yawa daga baya tauraron ɗan Adam suka koma, suka bar layin waya gaba ɗaya.

Lambobin ba su mutu ba

Yawancinmu mun gamu da waɗannan lambobi ba tare da mun san asalinsu ba. Ku tuna 'yar modem ɗin nan mai kama da filashi da ake sa wa layin waya a cusa a laftof, wadda muka yi rajistar jarrabawa da neman gurbin karatu da ita. A idon Windows, modem ce irin ta 1995. Da AT ake mata magana, lambar da take bugawa *99#, PPP take amfani da shi, kuma in ta ƙi sai ta ce 619 ko 628 ko 633 ko 720. Duk wanda ya yi aikin kammala digiri da ɗan katin SIM800 a jikin Arduino ya rubuta AT ya zauna yana jiran OK, kamar yadda aka yi a 1981. Ni ma da shi na yi nawa. Har yau kuma in haɗin VPN na jami'a ya ƙi a Windows, kana iya ganin 691 ko 720.

Akwai kuma na'urorin da har yanzu suke buga kira ta tsohon layi a ƙasar nan: ƙararrawar ɓarayi da ta gobara, wayar gaggawa ta cikin lif, da abin wuyan da tsofaffi ke dannawa in sun faɗi. Da yawa cikinmu muna aikin kula da tsofaffi a gefen karatu. Sautukan da waɗannan na'urori ke aikawa ba kullum suke tsira ba in aka mayar da layi na intanet, kuma sabon layin yana mutuwa in wuta ta ɗauke, saɓanin tsohon da ke samun wutarsa daga cibiyar waya. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka ɗage wa'adin daga Disambar 2025. In kana aiki a gidan da ke da irin wannan abin wuya, ka tambaya ko an gwada shi bayan sauya layi.

Wayoyinmu na yau in abu ya ƙi, sai su ce an samu matsala, a sake gwadawa. Matakan suna nan yadda suke, ɓoye su kawai aka yi: na'urarka da rautar gida, rauta da layi, layi da kamfani, sannan sunanka da kalmar sirri. Ran da intanet ya ƙi maka ana saura awa biyu a rufe karɓar aiki, kafin ka fara kashewa da kunnawa, ka tambayi kanka wane mataki ne na ƙarshe da ka tabbatar yana aiki, ka gwada na gaba da shi, ka canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. Haka yayyenmu suka yi da 680 da 691 har suka tura babinsu, kuma da tsohuwar zuma ake magani.